JAWABI KAN SANA'AR YIN MAZUBIN FAIBA DON KAYAN INJIN MOTA

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana kanikawa da direbobi, da samarinmu masu neman abin yi, barkanmu da haɗuwa.

Bayan haka, an umurce ni in yi magana kan sana'ar da yaro zai iya koya a nan Legas ba tare da babban jari ba. Kowane bakanike ya san wannan matsala: a kawo maka tsohuwar mota, misali Peugeot 504, gidan matatar iska ya fashe, ko murfin fankar lagireto ya karye, ka zaga kasuwar Ladipo tun safe har la'asar, ka dawo hannu Rabbana. Ko kuma an sauya wa mota inji, bututun iska na asali ya ƙi zama. To, jama'a, irin waɗannan kaya ana iya yin su da hannu, da abin da ake kira faiba.

Faiba zaren gilashi ne da aka shimfiɗa kamar tabarma. Ana jiƙa shi da rezin, wato wani ruwa mai kauri kamar zuma, wanda in an ɗiga masa hadina sai ya sandare. Ba sabon abu ba ne. Tun 1953 kamfanin Chevrolet na Amurka ya yi jikin motarsa Corvette da shi, a 1981 kuma kamfanin McLaren na Ingila ya yi gangar jikin motar tsere da zaren kabon, ɗan'uwansa mai tsada.

Sirrin sana'ar yana ga mazubi. Duk wanda ya taɓa kallon masu zubin tukwanen alminiyam ya ga yadda suke danna tukunya cikin yashi don ta bar siffarta. Haka abin yake, sai dai mazubin yashi sau ɗaya ake zuba shi a rushe, na faiba kuwa yana fitar da kaya masu yawa. Abin da duk ke jikin mazubi, mai kyau ko maras kyau, shi zai bayyana a kowane kaya.

Da farko sai ka yi samfuri. Ko ka liƙe tsohon kayan da ya karye, ko ka sassaƙa sabo da katako, ka shafe da fila irin ta masu gyaran jikin mota, ka goge da samfefa har ya yi sumul. Kada ka yi da farin soson nan da ake kare rediyo da shi cikin kwali, rezin na narkar da shi. Ka gwada samfurin cikin motar, ka rufe bonet, ka tabbata ya zauna. Gefunansa su ɗan karkata, in ba haka ba zai maƙale.

Na biyu, shafa kaki na musamman, kamar sau 5 ko 6, kana gogewa bayan kowace shafa. Nan masu gaggawa suke faɗuwa. Wanda ya yi rowar kaki, samfuri da mazubi za su zama abu guda, sai guduma.

Na uku, shafa jelkot da buroshi, wato rezin mai kauri da zai zama fuskar mazubi. In ya kama amma yana ɗan danƙo, sai ka ɗora tabarma marar kauri, ka bi da mai kauri, kana danna rola don fitar da iska. Kada ka wuce shimfiɗa 2 ko 3 a lokaci guda, domin rezin na yin zafi yayin da yake sandarewa, zafin kuma na lanƙwasa aiki. Mazubi ya kai aƙalla ninki biyu na kaurin kayan da zai fitar. In bututu ne, a yi shi ɓari biyu masu leɓe, a ɗaure da noti. A ba shi kwanaki ya ƙeƙashe kafin a ɓamɓare.

Batun awo kuwa, kilo 1 na rezin yana cin mililita 10 zuwa 20 na hadina. A zafin garin nan ka tsaya kusa da 10, ka auna da sirinji, ban da kirdado. Ka dama kaɗan-kaɗan, domin cikin kamar minti 15 zai iya sandarewa a gwangwani.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ruwan lagireto kan kai zafin digiri 90, rezin na gama-gari kuwa yakan fara laushi tun bai kai nan ba. Saboda haka kayan da zai raɓi inji sai da rezin mai jure zafi. Abin da ya shafi salansa, birki, sitiyari ko fetur kuwa, ko nawa aka ba ka, ka ce a'a. Ran mutane ne a ciki, da sunan zangonmu gaba ɗaya. Mu baƙi ne, laifin mutum ɗaya da sunan Bahaushe za a kira shi.

Ku kuma kula da kanku. Hadina na makantar da ido, a sa tabarau da safar hannu. Akwai wani ruwa mai launin shunayya da ke hanzarta rezin, kada a taɓa haɗa shi da hadina kai tsaye, yana tashi da wuta. A yi aiki inda iska ke kaɗawa, nesa da sigari da murhun mai shayi, a rufe hanci wajen guga.

A ƙarshe, ina roƙon ƙungiya ta samar da rumfa guda, da sikeli da kayan somawa, a tura yara ko da uku ne wurin gwani su koya, su dawo su koya wa na baya. Samari kuma ku fara da murfi mai sauƙi kafin bututu. In na farko ya lalace, ku sake. Da koyo akan iya.

Nan zan dakata. Allah ya ja zamanin Sarki, ya sa albarka a neman kowa. Wassalam.