Sanin Ɓera da Sunansa: Tsagar Gado a Cikin Jini



Na san akwai wanda ya ga sanarwar wannan lacca ya yi murmushi, ya ce a ransa, ashe har ɓera ya kai a tara masa jama'a a jami'a? To, ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnensa. A shekarar 1969 wata cuta da ba a san ta ba ta ɓulla a wani asibitin mishan da ke garin Lassa, cikin Jihar Barno ta yanzu. Shekara ta zagayo ta sake ɓulla a Jos, ta kashe har da likitar da ke duba masu fama da ita. Cikin 1972, bayan wata annoba a Saliyo, masana suka ɗana tarko a gidajen da cutar ta shiga, suka sami ƙwayar cutar a jikin wani ɓera. Tun daga ran nan tambayar da ke gabanmu yau ta zama maganar rai da mutuwa, watau wane ɓera ne?

Bahaushe ba baƙo ba ne wajen rarrabe ƙananan dabbobi. Ya san ɓera ko kusu, ya san gafiya, da kurege, da beguwa, da jaɓa, da bushiya. Masana sun yarda da shi a wani wuri, sun saɓa masa a wani. A wurinsu ɓera da gafiya da kurege da beguwa dangi ɗaya ne, dangin masu gaigaya, waɗanda haƙoransu na gaba ba su daina tsiro muddin rai. Jaɓa kuwa, duk da kamar da ta yi da ɓera, ba ta cikinsu, ita mai cin ƙwari ce, ta fi kusa da bushiya. Dangin masu gaigaya sun haura iri 2,000, kusan kashi 40 cikin ɗari na dukan dabbobi masu shayarwa. Mu kuwa da kalma ɗaya tak muke kiran mafi yawan ƙananansu.

Wanda aka kama a Saliyo shi ne masana ke kira Mastomys natalensis. Tun 1834 wani likitan soja, Andrew Smith, ya raɗa masa suna a ƙasar Natal ta Afirka ta Kudu. Macensa na da nonuwa barkatai, har su kai 24, tana kuma haifar goma ko fiye a ciki ɗaya. Shi ne mai shiga rumbu da ɗakin girki a mafi yawan ƙauyukanmu. Wahalar ita ce yana da 'yan'uwa, irin su Mastomys erythroleucus da Mastomys huberti, waɗanda in aka jera su a faifai, ko gwanin da ya tsufa a aikin sai ya yi ta waswasi. Launin gashi yana sākewa da shekaru da irin ƙasar wuri. Awon ƙoƙon kai da na haƙora, wanda shi ne madogarar magabata, ba ya raba gardama in dabbar ba ta gama girma ba. Daga baya aka koma ƙirga ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halitta, aka ga natalensis na da 32, erythroleucus na da 38. Amma wannan aiki yana bukatar dabba da ranta, da ɗakin gwaji kusa, sa'an nan huberti ma 32 gare shi. Saboda haka shekara da shekaru aka yi ana rubuta rahotanni a kan "Mastomys" kurum, ba a san ko wanne ake nufi ba.

A nan ne sabuwar dabara ta shigo. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wani dogon zare da ake kira DNA, wanda a jikinsa aka rubuta dukan abin da ɗa ke gada daga iyaye. Baƙaƙen rubutun huɗu ne kacal, A da C da G da T, amma na ɗan Adam ya kai baƙi wajen miliyan dubu uku. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada, shi da abokan aikinsa, suka kawo shawara cewa ba sai an karance littafin duka ba. A zaɓi layi ɗaya, mai baƙi wajen 650, daga wani gurbi da ake kira CO1, a riƙa karanta shi a jikin kowace dabba. Suka kwatanta shi da zane-zanen nan da ke jikin kayan kanti, wanda na'ura ke dubawa ta faɗi sunan kaya da kuɗinsa. Ni dai na fi son in kwatanta shi da tsagar gado. A dā, in baƙo ya shigo kasuwa, kafin ya buɗe baki an san Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare, don wanzami ya riga ya rubuta asalinsa a kumatu. Tsagar ba ta faɗin halinsa ko dukiyarsa, gidansu kaɗai take nunawa.

Aikin kansa ba shi da wani siddabaru. A ɗana tarko da ɗan ƙuli-ƙuli ko kifi busasshe. A yanki ɗan guntun kunne ko hanta da bai kai ƙwayar gero biyu ba, a jefa cikin sifirit mai ƙarfi. A ɗakin gwaji a tace DNA, a sa wata na'ura ta kwafi layin nan sau miliyoyi, wata kuma ta karanta baƙaƙen bi da bi. Sai a kai abin da aka samu ga manyan rumbunan ajiya na intanet, GenBank a Amurka ko BOLD a Kanada, a ga da wa ya yi daidai. Bisa yawanci 'yan iri ɗaya ba su saɓa wa juna da fiye da baƙi biyu cikin ɗari, amma wannan awon hannu ne, ba doka ba. Ya kamata in ƙara da cewa masu nazarin ɓeraye sun fi sabawa da wani gurbin, saitokurom bi, mai baƙi 1,140, domin da shi suka fara tun kafin 2003. Ko gashi, ko kashin ɓera da aka sharo daga rumbu, ko ƙasusuwan da mujiya ta amayar, duk ana iya karanta su.

Me aka gano? A ƙasar Gini an gwada ɓeraye 1,482 daga wurare 18, aka tantance su ta DNA, aka buga sakamakon a 2006. Ƙwayar Lassa ba ta fito ba sai a jikin natalensis. Shekara goma aka zauna a kan haka. A 2016 Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsa, suka ba da labarin samun ƙwayar a jikin erythroleucus a Nijeriya da Gini, da kuma a jikin wani ɗan ɓeran kurmi, Hylomyscus pamfi, wanda shi kansa sai a 2010 aka san iri ne mai zaman kansa. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga jami'in tsabta. Taswirar haɗari da aka zana bisa mazaunin ɓera ɗaya ta zama tilas a sake dubanta.

Akwai kuma wani abin al'ajabi. Natalensis ya bazu daga Sanagal har Afirka ta Kudu, amma zazzaɓin Lassa ya tsaya a Afirka ta Yamma. Da aka karanta tsagarsa daga ƙasashe da yawa sai aka ga ya kasu zuriya shida, kowace da yankinta. Na gabas da kudu suna ɗauke da wasu ƙwayoyi 'yan'uwan Lassa, kamar Mopeia ta Mozambik da Morogoro ta Tanzaniya, waɗanda ba a san su da sa wa mutum ciwo ba. Suna ɗaya a littafi, gidaje daban.

Har gafiya ba ta tsira ba. Wadda ake horarwa a Morogoro don sansano nakiyoyin da aka binne, an daɗe ana ce mata Cricetomys gambianus, sunan tamu ta nan. Nazarin 2012, wanda ya haɗa DNA da awon ƙoƙon kai, ya nuna ta gabas wata ce dabam, ansorgei.

Kada ɗalibai su fita daga nan da zaton na'ura ta kori malami. Layin da ake karantawa ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka in iri biyu suka yi barbara, ɗan zai fito da tsagar uwarsa, uban ya ɓace. Mafi muni kuwa, rumbun ajiya ba ya faɗin abin da ba a zuba masa ba. In wanda ya fara shigar da layi ya yi kuskuren suna, duk mai zuwa bayansa zai gaji kuskuren, yana kuwa ganin kwamfuta ce ta faɗa. Maganin wannan shi ne kowane layi ya kasance da gawar dabbar da aka ciro shi, fata da ƙoƙon kai, a ajiye a gidan tarihi da lamba da kwanan wata da sunan ƙauye, domin mai shakka ya je ya duba da idonsa.

A nan nake juyowa ga ma'aikatan hukuma. Mafi yawan tsofaffin samfuran ɓerayen ƙasar Hausa suna London da Faris da Washington. Sayen na'urar karatu abu ne mai daɗin sa hannu, ana yanka kyalle, ana ɗaukar hoto. Abin da ba a son biya shi ne albashin mai kula da akwatunan samfuri, da sifirit, da maganin asu, da man motar da za ta kai ɗalibi ƙauye rani da damina. Mai ɗana tarkon ma rayuwarsa ce a hannu, sai da safar hannu da abin rufe hanci, gama fitsarin ɓeran da kashinsa su ne hanyar cutar. In ma'aikatar lafiya da ta gona za su riƙa aiko wa jami'a da abin da tarkonsu ya kama daga kowace ƙaramar hukuma, da takarda mai nuna wuri da rana, ɗalibanmu na shekarar ƙarshe sun isa su yi awon, su ciri naman, su rubuta lambar.

Shugaban taro, na ga lokaci ya ƙure. Ina jiran tambayoyi.