JAWABI GA MASU SHIRIN TAFIYA KARATU ƘASASHEN WAJE

 

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyaye na ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, takardar samun gurbin karatu abin farin ciki ce, amma ba ta faɗin abin da ke jiran mai ita. Shi ne nake so mu duba.

Abu na farko da ɗalibi zai yi karo da shi harshe ne. Wanda ya ƙoshi da nahawu a nan gida, ya sauka Alƙahira, zai ji mai shayi yana kiran ƙahwa "ahwa", jamil kuwa ta koma "gamil", ya tsaya sororo kamar bai taɓa buɗe littafi ba. A Jami'ar Musulunci ta Madina, wanda Larabcinsa bai nuna ba sai ya fara da sashen koyon harshe, har tsawon shekara biyu, kafin ya shiga kulliya. Wanda aka tura Rasha ko Sin shi ma yakan yi shekara guda a kan harshe kawai. Wannan bai kamata ya razana ɗan bakin tafkin Kainji ba. Da yawanku da Gunganci ko Kambarci kuka buɗe baki, Hausa a kasuwar Yelwa kuka ƙarasa ta. Wanda ya yi sau ɗaya zai iya maimaitawa. Batun abinci ba zan daɗe a kansa ba: za ku yi kewar giwan ruwa da tarwaɗa, ku saba da wake da gurasa, ya wuce.

Inda nake so iyaye su buɗe kunne shi ne kuɗi. A watan Mayu na 1‎-5-2023 zuwa ƙarshensa dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce kuɗin makaranta dala 2,000 ne a shekara: uban da ya yi lissafin abin da bai kai naira miliyan ɗaya ba, ya sayar da albasarsa a kan haka, ya wayi gari ana binsa miliyan uku. Gona ba ta ƙara faɗi ba, jirgin su bai ƙara tsawo ba.

Wani zai ce ai ɗansa na gwamnati ne. To, shirin musayar ɗalibai tsakanin Nijeriya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungari, wanda ake kira BEA, a 2024 an rage alawus ɗinsa daga dala 500 a wata zuwa 220, bayan ɗalibai sun shafe watanni ba a biya su ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar daina tura sababbi. A ganina, duk wanda zai saki ɗansa, ko wa ya ɗauki nauyinsa, ya tanadi guzurin wata shida a gefe, in ba hali a jinkirta tafiyar. Yunwa a garin da ba ka da kawu ba irin ta gida ba ce.

Sai kuma zaman lafiyar ƙasar da za a je. Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ɗaliban Nijeriya da aka kwaso a motoci sun yi kwanaki a iyakar Masar, cikin hamada, kafin a bar su su ƙetara, rukunin farko bai iso Abuja ba sai farkon Mayu. Shekara guda kafin nan haka ta faru ga na Yukiren. Saboda haka, ɗalibi ya kai sunansa ofishin jakadancinmu da zarar ya sauka, fasfonsa ya zauna a hannunsa, kada izinin zamansa ya ƙare bai sabunta ba. Kuma ƙarshen kowace shekara ya karɓi sakamakon jarrabawarsa mai hatimi ya aiko gida, domin jami'ar da za ta karɓe shi in ya dawo ba shiri, takarda za ta tambaya.