Haƙƙin Uwa da Malami



Duk wanda ya bi ƙauyukan Dambatta da Bichi da Minjibir da hantsi, inda gona ke manne da gona, zai iske almajirai a zaure suna karanta allo gaban malam, alhali tun da asuba wata uwa ta tashe su, ta dama musu koko, ta kuma saurari haddarsu tana surfe. Wahalar mutanen nan biyu ba ta shiga lissafin kowa, ga shi kuwa ita ce takin da ke riƙe ƙasar.

Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, wajen mahaifiyarsa Rakiya ya fara karatun Alƙur'ani, kana ya zama malamin makaranta a Bauchi da Maru, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, domin ya ga irin ƙasƙancin da ake yi wa masu koyarwa.

Abin takaici, har yau akwai malamin firamare a karkara da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya haɗa da noman gero da gyaɗa.