Amsoshin Wasiƙunku: Ina Ake Samun Kifin Tirawut Da Kaka, Kuma Zai Rayu A Yauri?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sana'ar bandar kifi a Yauri ta Jihar Kebbi. Ya ce ɗansa yana tuƙin babbar mota a Amurka. A watan Oktoba ya sami hutu, shi da abokansa suka yi kwana uku suna yawo da mota a kan duwatsun jihar Montana suna neman wurin fatsa. Ya aiko da hoton wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki, ya ce sunansa tirawut, kuma wai da suka kama shi sai suka mai da shi ruwa. Alhaji yana tambaya, wane irin kifi ne wannan, yaya ake gane inda yake, kuma me ya sa mutum zai ƙona mai ya kama kifi sannan ya sake shi? Ya ƙara da cewa ya haƙa kududdufi a gonarsa, ya kuma ware kuɗi daga cinikin bana, yana so yaron ya aiko masa da irin wannan kifi ya kiwata.

To, Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Kafin komai, riƙe kuɗin nan naka tukuna, sai ka ji bayani.

Shi dai tirawut kifin ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin santigiret. Da ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, idan ya kai 25 ya daɗe a haka, mutuwa zai yi. Dalili kuwa shi ne, yana bukatar iska mai yawa a cikin ruwa, ruwan sanyi mai gudu kuma shi ya fi riƙe iska. Ka riƙe wannan magana, don ita ce za ta amsa duk tambayoyinka.

Iri-iri ne. Akwai mai launin ƙasa-ƙasa da ɗigon ja da baƙi, asalinsa Turai, a 1883 aka kai ƙwansa Amurka daga Jamus. Akwai mai jan layi a gefen ciki, sannan akwai mai jan zane a ƙarƙashin haɓa kamar an yanka shi, wanda shi ne ɗan asalin waɗancan duwatsu. Daga yadda ka kwatanta hoton, mai yiwuwa na farkon ne ɗanka ya kama.

Me ya sa sai da kaka? Kakarsu tana kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba, wato lokacin da mu nan muke girbi. A lokacin zafinsu, wasu koguna kan ɗumama har hukumar jihar Montana ta hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare, idan ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere. Da kaka ta shigo sai ruwa ya huce, ya ragu, ya yi garau, 'yan yawon buɗe ido kuma sun koma gida. Sannan lokacin ne mai launin ƙasa-ƙasa yake shirin saka ƙwai. Manya-manyan da suka yi watanni a zurfin tafki sai su kamo hanya su hauro kogi. Su masu fatsa suke bi.

Bari mu ɗauki hanya guda don misali. Idan mutum ya tashi daga garin Bozeman ya nufi kudu, zai yi kimanin kilomita 145 kafin ya isa West Yellowstone, garin da tudunsa ya ɗara mita 2,000. Yawancin tafiyar, titi yana bin gefen kogin Gallatin ne, direba yana kallon ruwa ta taga. Daga nan sai a shiga gandun Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872. A ciki ne koguna biyu, Firehole da Gibbon, suka haɗu suka zama kogin Madison, shi kuma ya gangara ya zuba a tafkin Hebgen. Daga wannan tafki kifin yake haurowa kowace kaka.

Shi Firehole yana da abin mamaki. Maɓuɓɓugan ruwan zafi suna zuba a cikinsa, kamar dai Wikki ta Yankari, sai dai waɗannan wasunsu tafasa suke yi. Saboda haka da zafi ba ya kamuwa, amma da kaka yana cikin wuraren da aka fi so. Ka ga ke nan sunan kogi kaɗai ba ya isa, sai an san watan da aka je masa.

To yaya matafiyi yake zaɓen wurin tsayawa? Da farko yakan duba taswira ya nemi inda kogi ya shiga tafki, ko inda ƙorama ta haɗu da babban kogi, ko kuma ƙasan madatsar ruwa, inda ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dam yake da sanyi kusan duk shekara. Na biyu, yakan tsaya a shagon kayan fatsa na garin da ya iso, ya sayi ɗan abu, ya yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma su masu shagon kullum suna jin labarin ruwa daga bakin waɗanda suka dawo. Na uku, da yawa suna tafiya da ɗan ma'aunin zafi a aljihu, su tsoma a ruwa kafin su kwance kaya.

Idan an sauka bakin ruwa kuma, ido ne yake aiki, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga masuntan Yauri. Kifin ba ya son wahalar da kansa. Yakan laɓe a bayan babban dutse, ko ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, ko gindin itacen da ya faɗa kogi, ko daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Inda ka ga layin kumfa yana tafiya, nan abinci yake bi, nan kifi yake jira. Da kaka ba a cika sammako ba, don da asuba ruwan ya yi sanyi ƙwarai. Daga hantsi zuwa la'asar ya fi, musamman ranar da gari ya yi lumshi, don a irin wannan rana ƙananan ƙwari suke fitowa saman ruwa.

Akwai kuma doka, wadda idan baƙo ya raina ta sai ya biya tara. Kowace jiha da lasisinta, kuma na jiha ba ya aiki a cikin gandun Yellowstone, can takardarsu daban ce. A Montana, tun 1985 doka ta ba kowa damar shiga kogi ya taka har iyakar inda ruwa ya saba cika, amma ba zai ratsa gonar wani ba sai da izini. Da ka tsallaka jihar Wayomin kuwa, ƙasan kogin na mai gonar ne, za ka iya wucewa a kwalekwale amma ba ka saukowa. A cikin gandun an hana dalma, an hana sa tana ko wani abinci a ƙugiya, kuma sai an danne ɗan kunnen nan da ke hana ƙugiya fita daga bakin kifi. A Madison da Firehole ma, ƙwaron ƙarya da ake haɗawa da gashin tsuntsu da zare kaɗai aka yarda da shi. Yawancin ruwan gandun ana rufe shi a ƙarshen Oktoba.

Hanya ma sai an yi hattara. Dusar ƙanƙara tana iya sauka tun Satumba. Titin Beartooth, wanda ya hau sama da mita 3,300, akan rufe shi wajen tsakiyar Oktoba. Sannan akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, wadda da kaka take neman abinci ido rufe kafin ta shiga dogon barcin hunturu. Ka gaya wa ɗanka kada ya riƙa shiga daji shi kaɗai.

Yanzu sai batun sakin kifi. Alhaji, ba wauta ba ce. A 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, bayan binciken da aka yi a Madison ya nuna cewa zuba na kiwo rage na dawa yake yi. Tun daga lokacin kogi ne yake haifar kifinsa da kansa. Idan kowane matafiyi ya tafi da uwa mai cikin ƙwai, baɗi me za a kama? Ita macen takan share tsakuwa da wutsiyarta a wurin da ruwa bai da zurfi, ta zuba ƙwai ta rufe, su kwana a nan duk hunturu. Wurin yakan fi kewayensa haske. Mai hankali idan ya gan shi yakan kauce, don taku ɗaya yana iya murƙushe ƙwai masu yawa. Ai mu ma mun san irin wannan, tunda a Argungu ana tsare Matan Fada ba a su sai ranar biki. Kuma ba ko'ina ake saki ba, akwai wuraren da doka ta yarda a tafi da 'yan kaɗan a ci.

To, batun kududdufinka. Gaskiya ɗaya ce, tirawut ba zai rayu a Yauri ba. Ruwan kududdufi a wajenmu yakan kai digiri 30 da bazara, har ya wuce. Ko da ya tsira da sanyin hunturu, watan Afrilu zai gama da shi. Ana kiwonsa a Afirka, amma a kan duwatsu masu sanyi. An kai shi Kenya a 1905, yana nan a ƙoramun tsaunukan Aberdare, a Lesoto kuma ana kiwonsa a dam ɗin Katse har ana sayarwa ƙasashen waje.

Shawararmu, ka zuba kuɗinka a tarwaɗa. Ita tana son ruwa mai ɗumi, tana iya shaƙar iska daga sama, tana kai girman sayarwa cikin wata biyar zuwa shida idan ta sami abinci, kuma kai da kanka ka san kasuwarta a banda. Ka nemi malamin gona na yankinku ya duba maka kududdufin, ya nuna maka inda za ka sami 'ya'yan kifi masu kyau. Shi kuwa yaro, ya ci gaba da aiko da hoto.

Da fatan ka gamsu, Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Masu sauraro, a nan za mu dakata. Duk mai tambaya ya rubuto, ya sa sunan garinsa a fili. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.