Domenech da 'Yan Kallon Faransa

Raymond Domenech haifaffen Lyon ne, ya kuma horar da kulob ɗin garin kafin a danƙa masa 'yan wasan Faransa a 2004. Daren da Italiya ta fitar da su daga gasar Turai a 2008, jama'a na cikin baƙin ciki, shi kuwa sai ya ɓuge da neman aure a talabijin. Hukumar ƙwallo a Paris ba ta sallame shi ba. Cewa ta yi ya gyara harshensa, ko zukata sa huce, sai ka ce da baki ake cin wasa. A watan Maris 2010 Sifaniya ta ci Faransa 2-0 a Stade de France, 'yan kallo suka yi ta ihu ya sauka.