Sobe: Babu Mai a Cikinsa, Amma Akwai Sukari



Yau za mu yi magana ne a kan wani abin sanyi da yaranmu ke sayowa daga manyan kantuna, wanda Faransawa ke kira sobe. Dalili kuwa, mun ji wasu daga cikin dattawanmu da likita ya hana su maiƙo suna cewa ai wannan babu mai a cikinsa, saboda haka sai su sha son ransu. To, jama'a, a nan gizo ke saƙa.

Mene ne sobe? Ruwan 'ya'yan itace ne da ruwa da sukari, a daskarar da su ana juyawa har su yi laushi, a sha da cokali. Ba madara, ba man shanu. Askirim kuwa da madara ake yin sa. A Amurka ma doka ta ce sai man madara ya kai kashi 10 cikin 100 kafin a kira shi askirim. Asalin sunan daga Larabci yake, daga kalmar da ke nufin sha. Ta bi ta bakin Turkawa ta shiga Italiya, inda wani mai suna Antonio Latini ya rubuta yadda ake haɗa shi a birnin Nafoli wajen shekarar 1694. Kun ga ashe ƙanƙarar zoɓo da ta tsamiya da matanmu ke ƙullawa a leda 'yan'uwansa ne.

Gaskiya ne ya fi askirim sauƙi a ciki, domin kowane giram na mai yana ba jiki kalori 9, na sukari kuwa 4. Amma ku lura: sukarin nan shi ke hana sobe daskarewa kamar dutse, don haka ba a yi masa ƙwauro. Yawanci yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na haɗin. Wato ɗan kofi mai giram 100 na iya ɗauke da ƙaramin cokali 5 zuwa 7 na sukari. Alhali a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, haɗe da na shayi da na kunu da na lemon kwalba. Saboda haka Baba mai ciwon sukari, kada rubutun jikin roba ya ruɗe ka. Ka tambayi likitanka tukuna.

Abu na biyu ya shafi iyayenmu mata masu sana'ar ƙanƙara. Sanyi ba ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. In ruwan rijiyar da aka yi haɗi da shi yana da cutar amai da gudawa ko taifod, to yaron da ya saya ya sha ta da kuɗinsa. Don Allah a tafasa ruwa, a wanke hannu da 'ya'yan itacen. In kuma an ɗauke wuta abin ya narke ya daɗe a zafi, kada a sake daskarar da shi a sayar. Gara asarar kwano ɗaya da kuɗin asibiti, balle ɓacin sunan unguwarmu a idon masu masaukinmu.

Ga mai son yi a gida, nan Kudu ga abarba ga lemo ga mangwaro a araha. A tafasa ruwa da ɗan sukari, a bari ya huce. A markaɗa 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, don zaƙinsu ya rage buƙatar sukari, a matsa lemon tsami kaɗan, a haɗa. A sa a firiza, duk rabin awa a fito da shi a juya da cokali mai yatsu, sau huɗu ko biyar.

A taƙaice, jama'a, a sha kaɗan, a yi da ruwa mai tsabta. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.