Kashi na 23: Allon fedoji ko jita kai tsaye cikin amfilifaya?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurara ba.

Yau hirar kiɗa za mu yi. Wani ƙanenmu ɗalibi ne ya turo min saƙo. Ya ce yana gyaran waya bayan ya taso daga makaranta, ya yi wata takwas yana tara kuɗi, kuma yana da jitar lantarki ta hannu da ya saya bara. Amfilifaya ce ba shi da ita, da ƙaramar sifika yake maleji. Tambayarsa: "Yaya, in sayi fedoji uku in fara haɗa allo irin wanda nake gani a YouTube, ko in zuba kuɗin duka a amfilifaya?" Na ce wannan ba amsar layi biyu ba ce, domin ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin, kuma kuɗin gumi ake magana.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba 'yan hannu ba. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ake kira fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai a sami 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Amfilifaya ce ke ɗaukar wannan 'yar wutar ta ƙarfafa ta har sifika ta yi magana. Feda kuwa, ba ta keke ba, wani ɗan akwati ne da ake sakawa tsakanin jita da amfilifaya, ana taka shi da ƙafa ya canza sautin. Akwai mai sa sauti ya yi kaushi kamar gurnani. Akwai mai maimaita abin da ka kaɗa kamar amsa-kuwwa. Akwai mai sa ka ji kamar a cikin babban zaure kake. Akwai kuma wah-wah, don Allah kar ku ce wawa, wadda ke sa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa kamar mai kuka. Idan ka jera su a kan katako ko ƙarfe, ka ɗaure, ka haɗa musu wuta, to ka gina allon fedoji ke nan.

Masu jita sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan wannan batu, kuma kowane gida yana da manyansa.

Gida na farko su ne masu cewa waya ɗaya ta isa. B.B. King, sarkin kiɗan bulus na Amurka, jitarsa Lucille ce da amfilifaya, sauran duk a yatsunsa suke. Angus Young na ƙungiyar AC/DC an san shi da jita ƙirar Gibson SG da amfilifayar Marshall da aka ƙure wa murya, babu jerin akwatuna a gabansa. Dabararsu ita ce ɗan abin murɗa ƙarar da ke jikin jitar. Ka rage shi, sauti ya yi fes. Ka ƙure shi, ya yi kaushi. Ka taɓa tsirkiya a hankali ta yi raɗa, ka doke ta ta yi ihu. Hannunka ne fedar.

Gida na biyu kuma ba za ka raina su ba. A 1965 Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da wata feda mai suna Maestro Fuzz-Tone a waƙarsu Satisfaction, daga nan matasa suka yi ta rububin sayenta. Jimi Hendrix da Fuzz Face da wah-wah da Uni-Vibe ya fitar da sautin da har yau ake kwaikwayo. The Edge na ƙungiyar U2 kuwa, in ka ɗauke masa na'urar amsa-kuwwa, ka rushe rabin salonsa, domin da maimaicin yake gina kiɗan tun daga tushe. Saboda haka duk wanda ya ce muku feda kayan raggwaye ce, bai san tarihi ba.

To ni ina na tsaya? Bari in ba ku labarina tukuna.

Lokacin da nake bautar ƙasa, kusan duk abin da na iya ragewa daga alawus a fedoji ya ƙare. Sai da na tara biyar. Na sa kafinta ya yanka min katako, na shafa masa baƙin fenti, na jera su, na ɗauki hoto na ɗora a Facebook. Wallahi a lokacin ji nake na zama wani abu. Amfilifaya fa? Wata 'yar ƙarama ce mai arha, wadda in ka ɗaga mata murya sai ta riƙa kakari.

Ana nan sai aka gayyace mu wani taron matasa a wani zaure, aka ba mu minti goma sha biyar. Wuta ta ɗauke, aka tada janareto. Ina taka fedar gurnani sai wani zuuu ya cika zauren, kamar an saki ƙudan zuma a cikin sifika. Na durƙusa ina taɓa wannan ina taɓa wancan, sai sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin gajerun wayoyin da ke tsakanin fedojin ce ta saki, amma wacce? Mutane na kallo, mai gabatarwa na duba agogo. Wani dattijo da ke kula da kayan sautin wurin ya matso ya ce min, "Yaro, zare komai ka sa kai tsaye." Na zare, na sa. Sauti ya dawo.

Ba lalacewar allon ce ta fi yi min ciwo ba. Abin da na ji bayan na sa kai tsaye ne. Duk kurakuran da gurnani da amsa-kuwwa suke rufa min asiri a kansu, ranar suka fito fili. Yatsana ba ya danne tsirkiya sosai. Ina saurin wuce mai ganga. In na ja tsirkiya sama, ba ta kaiwa muryar da nake nema. Shekara biyu ina sayen akwatuna, ashe hannuna yana nan inda na bar shi. Na koma gida na tura allon ƙarƙashin gado, na yi wata shida ba na taɓa shi.

Yanzu bari in faɗa wa ƙanenmu abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa, domin su ba a yanayinmu suke ba.

Na farko, lissafin wayoyi. Kai tsaye, waya ɗaya ce mai kai biyu. Da fedoji biyar, wayoyi shida ne masu kawuna goma sha biyu, ban da na wuta. Kowane kai wuri ne da zai iya saki. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ramukan da makunnan, ga jijjigar Keke Napep in za ka wurin wasa.

Na biyu, wuta. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, kuma a tsarin da ya fi yawa, tsakiyar kan adaftar ita ce nagetif, saɓanin adaftocin kayan gida da yawa. Ka ɗauko wata adafta a shago don ka ga bakinta ya shiga, kana iya ƙona feda nan take. Sannan ba ci ɗaya suke yi ba. Fedar gurnani ta gargajiya kaɗan take sha, batir ma ya ishe ta, amma masu kwamfuta a ciki suna shan ninkin-ba-ninkin haka. In ka jera su duka a kan adafta ɗaya mai rassa, sau da yawa hayaniyar wata takan shiga cikin wata. Maganin shi ne akwatin wuta mai raba wa kowace feda hanyarta daban, shi kuma kuɗinsa kan kai na wata fedar.

Na uku, wannan zuuu ɗin da na ba ku labari. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma fikof mai naɗi ɗaya, irin na jita ƙirar Stratocaster, yana kwasar wannan ƙugin. Fedar gurnani ba ta san bambancin kiɗa da ƙugi ba, duka take ƙarfafawa. Ƙara da cewa soket da yawa a gidajenmu da wuraren taro ba su da wayar ƙasa. Wannan ma ya wuce maganar sauti, maganar rai ce. In ka taɓa jin wuta ta ɗan ja ka a leɓe lokacin da kake riƙe da jita ka matso makirufo, ka dakata a duba wayoyin wurin, kar ka ce za ka daure.

Na huɗu, gyara da canji. Amfilifaya mai sauƙin haɗi, mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya buɗe ta ya gano abin da ya ƙone. Feda mai kwamfuta in ta mutu, sau da yawa ta mutu ke nan. Kuma duk kayan nan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala.

Akwai misalin da nake so mu duba, a nan maƙwabtanmu Nijar. A Agadez, jitar lantarki ita ce kiɗan biki, a fili ake yi, da janareto da amfilifayar da ta sha ƙura. Daga wannan yankin Bombino ya fito, wanda kundinsa Deran na 2018 ya kai shi takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar kuwa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suka fara yawo hannu zuwa hannu kafin Turawa su san da shi. Yau in ka ga yana wasa a Amurka ko Turai, akwai fedoji a gabansa, yana kuma amfani da su sosai. Amma ku lura da abin da ya riga wani. Hannu ne ya fara zuwa, fedoji suka tarar da shi. Mu ma a gida mun san wannan. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Kar ku ce na tsani fedoji. Allona yana nan, na fito da shi daga ƙarƙashin gado, sai dai daga biyar ya koma biyu: ta daidaita tsirkiya da ta amsa-kuwwa. Sauran ukun na sayar na cika na sayi amfilifaya mai kyau. Kuma akwai inda feda take da cikakkiyar hujja. In kana ɗakin haya, ba za ka ƙure amfilifaya don neman gurnani ba, maƙwabta za su kai ƙararka wurin mai gida. Feda za ta ba ka wannan kaushin a ƙaramar murya. In kana kiɗa a coci ko situdiyo ko ƙungiyar biki, inda waƙa ɗaya ke son sauti fes ta gaba kuma ke son kaushi, kana buƙatar canji da taku ɗaya. In kullum amfilifayar aro kake samu a wurin wasa, allo yana taimaka maka ka tafi da sautinka duk inda ka je. A irin wannan hali ma, na'ura guda mai haɗe da sautuka da yawa ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin wayoyi ga mai farawa.

To ƙanena, ga amsata. Kuɗin wata takwas ɗin nan, ka sa shi a amfilifaya. Ka je da jitarka ka gwada kafin ka biya, ka ɗaga muryarta ka ji ko tana kakari, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi. In da canji, ka sayi waya mai kyau guda ɗaya da sababbin tsirkiyoyi, ka kai jitar a daidaita mata wuya. Abin daidaita murya kuwa, akwai manhajoji kyauta a waya.

Daga nan ka ba kanka wata shida, kai da jita da waya ɗaya. Ka riƙa naɗar kanka da wayarka kana saurare, ko da ba daɗi. Ka koyi abin da ɗan abin murɗa ƙarar nan yake yi tsakanin 4 da 10. Ranar da ka ji wani sauti a kanka wanda hannunka da amfilifayarka suka kasa ba ka, har kana iya kwatanta shi da baki, to ranar ka je ka sayi feda ɗaya, wadda ke yin wannan aikin. In kuma suka kai uku, ga jerin da aka fi bi: ta daidaita tsirkiya a farko, sai wah-wah, sai gurnani, amsa-kuwwa da ta zaure su zo ƙarshe. In ka sa amsa-kuwwa kafin gurnani, maimaicin ma zai yi kaushi, komai ya cakuɗe.

Abu na ƙarshe, kuma wannan har da waɗanda ba ruwansu da jita: kar ka ci bashi saboda feda. Na san wanda ya taɓa kuɗin rajistar makaranta saboda yana son allonsa ya yi kyau a hoto. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Masu sayar da kaya aikinsu ne su sa ka ji kamar akwati ɗaya ne ya rage tsakaninka da gwaninta. Ni na saya har biyar, ban same ta a ciki ba.

Masu jita da ke saurarenmu, musamman 'yan uwa na Jos da Kaduna da Zinder da Agadez, ku turo mana yadda kuke fama da ƙugin janareto a wurin wasa, za mu karanta a shiri na gaba. Ƙanenmu mai gyaran waya, in ka sayi amfilifayar ka naɗo mana ko minti ɗaya ne mu ji.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.